Karkatattun Agogunan Kawu

Ranar Talata muka kai Kawu, yayan mahaifiyata, makwancinsa. Kafin la'asar layin gidansa a Sharaɗa ya cika da tabarmi, har masu adaidaita suna juyawa tun daga bakin titi. Yawancin waɗanda suka zo tsofaffin abokan aikinsa ne na masaƙa, wadda aka rufe tun ina firamare. Duk sun tsufa, wasu da sanda, wasu jikoki ne suka ɗauko su a babur. Akwai wani dattijo Kirista, mutumin Filato, da suka yi shekaru suna shif ɗaya da Kawu a ɗakin lantarki. Ya cire hularsa ya zauna a gefen tabarma yana kuka a fili, ba ya ko ɓoyewa. Duk wanda ya ba shi haƙuri sai ya ce, “Ku ƙyale ni. Sau biyu mutumin nan yana fizge hannuna daga kan wuta.”

A cikin gida matar Kawu ba ta yi kuka ba. Zaune kawai take ta miƙe ƙafa, duk matar da ta yi mata gaisuwa sai ta amsa, sannan ta ƙara da cewa, “Ko kokonsa bai sha ba.” Da safe ya cika, kokon yana ajiye a gefen gado.

Ranar sadakar uku mahaifiyata ta kira ni soro. Ta daɗe tana leƙen fuskokin masu zuwa, na kuma san abin da take nema.

“Wai mutanen tsallake ba a aika musu ba ne?”

“An aika, Umma.”

“To ko mutum ɗaya? Duk wahalar da Yaya ya yi musu a kan jirgin nan?”

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka baƙin cikin rashin zuwan nasu ne, har tana ba ni haƙuri. Alhali na san dalilin da ya hana su zuwa, kuma dalilin yana tsaye a gabanta. Shekara bakwai mutanen tsallake suna kiran Kawu da mummunan suna a kan laifin da ni na aikata, ya kuma shiga ƙasa sunan yana manne da shi. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Mutanen tsallake su ne mazauna ƙauyukan da ke hayin kogin Challawa, waɗanda ke aiki a kamfanonin fata da na abinci a wannan gefen. Da rani ƙafa suke sawa su ratso. Da damina kuwa, in kogi ya kawo, sai dai su zagaya ta gada, wanda ke aikin safe ya iso an rufe ƙofa. Sai suka haɗu suka sayi wani tsohon jirgin ƙarfe a gwanjo, ƙarami, wanda wani ya dasa wa injin tsohuwar mota a ciki. Jirgin ba shi da agogon nuna lafiyar inji ko ɗaya, wayoyinsa kuma a cukurkuɗe suke a ƙasan kujerar matuƙi, ruwa yana wanke su. Wani da ya san Kawu tun masaƙa ya ce a nemo shi.

Kawu mutum ne gajere, mai kaurin yatsu, ba ya rabuwa da tasta, 'yar sukudirebar gwada wutar lantarki, a aljihun gaba ko masallacin Juma'a za shi. In ya shiga gidanka, kafin ku gama gaisawa idonsa ya kai kan soket. Ya sha ɓata wa mutane rai da wannan, don yana iya tashi ana tsakar cin abinci ya nemi a ba shi salatif. Ba ya cewa aiki ya yi kyau, nasa ko na wani. Iyakarsa ya ce, “Bari mu ga gobe.” Tun ranar da na shiga kwalejin fasaha ya laƙaba min Injiniya, kuma yadda yake jan sunan, ko kurma ya san ba yabo ba ne. Amma shi ne ya saya min filaya ta farko, ya kuma ɗaure mariƙinta da roba da hannunsa.

Yana da aibi guda, zan kuma faɗe shi tunda gaskiya na zauna faɗa. Kawu ba ya bayani. In ka tambaye shi dalilin abu sai ya dube ka kamar ka zage shi. A ganinsa mai ido ya kalla ya gane.

Lahadi uku ya yi yana aikin jirgin nan. Ban je ba a lokacin, daga baya na ji yadda aka yi. Ya yanko allo daga wani falankin goran ruwa, wato alminiyom, da ya samo wurin 'yan gwangwan a Bompai. Kafin ya huda ko rami ɗaya sai da ya zaunar da matuƙin a kujerarsa, ya tambaye shi da wane hannu yake riƙe sitiyari, ina idonsa yake sauka in ya ɗauke shi daga kan ruwa. Makunnin ham ya sa shi daidai babban yatsan hagu. Makunnin kashe inji ya kifa masa rabin gwangwanin madara don kada gwiwa ta buge shi. Na fitila ya naɗe shi da roba, yadda ko ana ruwa mutum zai gane shi da taɓi. Fis-fis ɗin da ke kare wayoyi daga ƙonewa duka ya tara su a robar abinci mai murfi, ya ɗaure ta can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Agogon mai kuwa ya ƙi sawa, ya fere sanda ya yi mata tsaga uku ya ce a riƙa tsomawa a tanki.

Agogo uku ya sa, na zafin inji, na ƙarfin baƙin mai, da na cajin batir. Dukkansu daga matattun injinan kamfani ya ciro su, kowanne da irin lambobinsa. Matuƙin kuwa ɗan masunta ne, ya san kogin nan kamar tsakar gidansu, yana da karatun allo, amma lambar boko ba ta gabansa. Sai Kawu ya sa shi ya yi ta kai da komo a ruwa har inji ya zauna daidai. Sannan ya kama kowane agogo ya murɗa shi a cikin raminsa har allurarsa ta miƙe tsaye cak, ya ɗaure a haka. Ya ce masa, “Ka manta da lamba. In ukun nan sun miƙe kamar sahun sallah, tafi abinka. In ɗaya ta kauce hagu ko dama, kashe inji ka ɗauki gorar tuƙi.”

Ni ban san wannan ba. Abin da na gani, ranar da na raka shi duba batir bayan damina ta biyu, allo ne mai tsafta da agogo uku kowanne ya karkace ta inda ya ga dama. Na zafin ma lambobinsa sun kusa kwanciya a gefe.

Na ce, “Kawu, agogunan nan naku a karkace suke.”

Bai ɗago ba ya ce, “Idonka ne a karkace, Injiniya.”

“Wallahi da a makaranta ne aka yi wannan, faɗuwa za a ba mutum.”

“Makarantar taku ta taɓa shiga ruwa?”

Mutanen da ke bakin kogi suka yi dariya. Na ji zafin abin ƙwarai, don lokacin ina ganin kaina, an ɗauke ni gwaji a wani kamfanin roba a Bompai, ina yawo da farar hular kwano ko ba a wurin aiki ba. Na yi fushi, Juma'a uku ban je gaishe shi ba. Shi ya biyo ni gida da ƙullin tsire, ya ajiye ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Daga Sharaɗa zuwa Na'ibawa, inda nake, babu hanyar da ke biyowa da mutum a ƙafa.

Damina biyu jirgin yana aiki lafiya. A ta uku mutanen suka ce suna son wurin cajin waya a jikin allon. Kawu yana kwance da zazzaɓi, sai ya aike ni ranar Lahadi, ya ce abu ne na rabin awa, in ja waya daga robar fis, kada in taɓa komai. Matuƙin ya tafi suna ƙauyen surukansa, ya bar makulli wurin mai shayin bakin ruwa. Na yi aikin tsaf, har yau ina iya cewa ya yi kyau. Da na gama sai idona ya koma kan agogunan. Na gwada biyu, tsatsa ta riƙe su. Na zafin inji kuwa ina sassauta notinsa ya juya. Na daidaita shi, lambobinsa suka zauna yadda masu ƙera shi suka nufa, na ɗaure na goge gilashin da hannun riga. Ban gaya wa kowa ba. Jira nake Kawu ya gani da kansa, in ga ko zai iya cewa bai fi kyau ba.

Agogon nan daga tukunyar tururi ta kamfani ya fito, lambobinsa sun wuce duk zafin da injin jirgi zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. In aka daidaita shi, allurar lafiyayyen inji can hagu take tsayawa. Ba za ta miƙe tsaye ba sai inji yana dahuwa.

Washegari Litinin kogi ya kawo sosai. Jirgi ya ɗauko masu aikin safe. Leda ta toshe bututun da ke jawo ruwan sanyaya inji, abin da ke faruwa kusan kowace damina, wanda kuma saboda shi aka sa agogon tun farko. Matuƙin ya ga allura ta yi nauyin tashi, ya ɗauka sanyin safiya ne. Suna tsakiyar kogi ta miƙe tsaye cak, hankalinsa ya kwanta, ya ƙara wuta. Inji ya yi ƙara ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe. Kafin ya kai hannu ga gora ruwa ya juya su ya nufi dutse da su. Ƙanen matuƙin, wanda ke aiki a kamfanin fata, ya miƙa hannu zai tokare, hannun ya shiga tsakanin ƙarfe da dutse. Ba a rasa rai ba. Amma hannun nan na dama bai sake ɗaguwa ba, aikin kamfani kuma ya ƙare masa daga ranar.

Labari ya iske mu kafin hantsi. Kawu ya tashi da zazzaɓinsa, na goya shi a babur. Mun tarar an jawo jirgin gaɓa, jama'a sun cika wurin, matuƙin yana tsaye jikinsa duk laka yana rantsuwa da ƙarfi.

“Wallahi tallahi a tsaye take! Yadda ya ce min, haka na gan ta! Ku tambayi wanda ke kusa da ni!”

Kawu ya hau jirgin da ƙyar. Ya tsaya gaban allon ya daɗe yana kallo. Ina ƙasa, tun a hanya kuwa na fara fahimtar abin da na yi. Bai waiwayo ya dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan agogon ya juyo wajen mutane.

“Gaskiya ya faɗa. Ba laifinsa ba ne. Aikina ne, ku yi haƙuri.”

Ya zaro sukudireba ya kwance agogon ya jefa a aljihu. Wata tsohuwa, uwar wanda ya ji rauni, ta matso har gabansa ta ce, “Allah Ya isa, Malam. Tarkacen bola ka kawo ka sa wa 'ya'yanmu.” Ya ce, “Na ji, Hajiya.” Ni kuwa ina tsaye, da bakina da harshena, ban ce komai ba.

A hanyar dawowa mun wuce kamfanonin Challawa, warin jima yana dukanmu, manyan motoci suna watsa mana ruwan kwata. Sai da muka kusa gida na iya buɗe baki.

“Kawu, ni ne na...”

“Na sani. Kalli hanya.”

Da ya sauka a ƙofar gida ya dafa bango, ya ce, “Ka tambaye ni, ban gaya maka ba. Rabin abin nawa ne.” Ya shige ciki. Wannan ita ce magana ta farko kuma ta ƙarshe da muka yi a kai.

Rabi ya ce. Bai ce duka ba. Ya bar min nawa rabin a ƙofar gida, ni kuma na tsallake shi na hau babur. Na gaya wa kaina in na yi magana kamfani za su ji, ba za su tabbatar da ni ba. Na gaya wa kaina ai Kawu ya riga ya rufe maganar, buɗe ta rashin kunya ne. Har na kai ga yarda cewa shi ya hana ni faɗa. Bai hana ni ba. Tsoro ne kawai, da son kai.

A tsallake suka sa masa suna mai agogon ƙarya. Sunan ya biyo ma'aikata ya ratso kogi ya shiga kamfanoni. Masu kiransa gyaran janareta suka ragu, daga baya suka daina. Ya je asibiti duba yaron sau biyu, dangin suka ce yana barci. Ya koma zama a ƙofar gida a kan benci, yana gyaran rediyo da fitilun caji na matan unguwa. Mutumin da ya riƙe wutar masaƙa guda, na same shi wata rana yana laluben wayar tocila da gilashi a ido, yana ce wa mai ita, “Bari mu ga gobe.” Na juya na fita don kada ya ga fuskata.

An tabbatar da ni a aiki. Da zan yi aure, mahaifina ba shi da rai, Kawu ne ya karɓa min, ya sa babbar rigarsa ɗaya tilo, tastar tana leƙowa daga aljihun 'yar ciki. Da aka haifa min ɗa na fari shi ya yi masa huɗuba. Bai taɓa canza min fuska ba, bai daina kirana Injiniya ba, sai dai ya daina jan sunan. Na fi son lokacin da yake ja. Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi na je sau da yawa da niyyar in ce, Kawu, zan je in gaya musu. Kullum sai ya riga ni da tambayar yara, ni kuma in ji daɗin an riga ni.

Washegarin sadakar uku na hau babur na tafi bakin kogi. Damina ce, ruwa ya kawo. Jirgin yana nan, amma yanzu injin rataye aka ɗaura masa a baya. Allon Kawu yana wurinsa, ramuka uku a buɗe babu komai a ciki, rabin gwangwanin madarar ya yi tsatsa. A ƙarƙashin bishiya ƙanen matuƙin yana sayar da fetur a kwalabe, yana tsiyayawa da hagu, ya maƙale mazurari da gwiwa. Matuƙin yana zaune a bakin jirgi yana jiran fasinja, gemunsa ya yi fari.

Na yi sallama ya amsa. Ya gane ni.

“Kai ne ɗan 'yar'uwar mutumin nan. Mun ji. Allah Ya jiƙan Musulmi.”

Na ce, “Malam, magana na zo da ita, in kun ba ni dama.”

Na tsuguna na gaya masa komai, tun daga ranar Lahadin da ya tafi suna, da notin da na sassauta, da dalilin da ya sa allura ta miƙe lokacin da inji ke mutuwa. Ƙanensa ya bar kwalaben ya matso yana ji. Ban ɗaga kai ba har na gama. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari, wallahi da an yi min da na ji sauƙi.

Ƙanen ne ya fara magana, a hankali. “Shi tsohon ya sani?”

“Tun a ranar.”

“Ya sani, ya tsaya Inna ta yi masa Allah Ya isa?”

Na ce, “E.”

Ya dubi hannunsa, ya koma wurin kwalabensa.

Matuƙin ya juya ya kalli ruwa. Sannan ya ce:

“Ranar Talata an zo an gaya min da safe. Na ce ina da lodi. Ba ni da lodin komai.”

Na ce, “Ku yafe min, Malam.”

Kamar bai ji ni ba. “Bara, farkon damina, ya zo nan. Can ya tsaya, inda babur ɗinka yake. Da sanda ya zo, ban san ma yadda ya iso ba. Ya yi min sallama.” Ya share fuska da tafin hannu. “Na ji shi sarai. Ya sake yi. Na juya masa baya na tayar da inji.”

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko.

“Kai ka zo ka sauke naka. To ni wa zan amsa wa yanzu?”

Fasinjoji suka fara shiga, ya miƙe ya kama igiya ya ja inji. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na tsaya a gaɓa har suka kai tsakiyar kogi.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka haskaka masa inda ya kwanta, Ka saka masa da abin da mu muka kasa ba shi yana da rai. Wanda ya karanta wannan kuma yana da ɗan'uwa a tsallake, ko a kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai inda sunan ya zaga, ina roƙonsa ya isar. Agogon Kawu bai taɓa yin ƙarya ba. Ni na juya shi.